Gashin Kazar da Na Riƙe a Hancin Safiya

Tun Hanifa tana cikina nake tsoron barcinta. Matan da muke haɗuwa da su a layin awo, wata naƙuda take tsoro, wata kada a ce sai an yi mata aiki, ni kuwa abin da ke raina daban ne. In na haife ta, ta yi barci a gabana, yaya numfashinta zai kasance? Ban gaya wa kowa ba, don wa zai tsaya sauraron mace tana fargabar minsharin ɗan da bai ma zo duniya ba? Amma ni na san inda na samo wannan tsoro. A gidan hayarmu na Makera na same shi, ranar wata Asabar cikin damina, shekarar da aka rufe masaƙar da Baba yake aiki. Ina aji biyar a firamare, ina durƙushe a kan tabarma, da gashin kaza a hannuna, ina kallon ƙanwata Safiya tana barci da haɓa a ɗaure.

Bari in fara gaya muku irin gidan, don ku gane yadda aka yi abin ya faru a gaban mutane da yawa. Gida ne na ɗaki-ɗaki, ƙofa na kallon ƙofa, doguwar tsakar gida da kwata a tsakiya, rijiya a kusurwa, sai bishiyar gwaiba wadda ba a taɓa bari 'ya'yanta sun nuna ba saboda hannunmu. Iyayenmu mutanen Zariya ne, aikin masaƙa ya kawo Baba Kaduna. Ɗakin da ke kallon namu na Maman Talatu ne, mutuniyar Filato mai suyar ƙosai a bakin titi, wadda in ta dafa gwate sai ta zubo mana, mu kuma in Salla ta zo ni ce mai kai mata tuwo. A wannan gida ba agogo muke bi ba. Jiniyar masaƙa ce ke tashe mu, kiran salla ya raba mana rana, in jirgin ƙasa ya wuce ta Kakuri sai kwanonin Umma su yi ta kaɗawa a kan kanta. Da safe in ja ruwa da guga in cika randa, Safiya ta yi shara, mu wanke kwanoni a bakin kwata, sannan mu bi sauran yara zuwa makaranta. Da yamma kuma bayan Islamiyya sai 'yar gala-gala a ƙofar gida da 'yar carafke a baranda, har a kira mu kai niƙa.

Ni yarinya ce mai son sanin yadda abu yake aiki. Na taɓa kwance bayan rediyon Baba don in ga mutanen da ke magana a ciki, na sha duka. Nakan bi layin tururuwa tun daga gindin murhu har raminsu a bayan banɗaki. Umma takan ce, "Dije, ke dai idonki ba ya zuwa hutu." To abin da ya fi ɗaure mini kai a duk gidan nan, fiye da rediyo, shi ne barcin Safiya.

Safiya ita ke bi na, katifarmu ɗaya. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin bakinta ya daɗe a rufe ba. Haƙoranta na sama sun turo gaba, leɓen ba ya iya rufe su, ƙasan idonta kullum da duhu, muryarta kuma kamar mai murar da ba ta warkewa. In muna cin tuwo ita ce ta ƙarshe, don sai ta tauna, ta tsaya ta ja iska, sannan ta haɗiye. Umma ta yi ta faɗa, "Rufe baki mana, ƙuda zai yi miki ƙwai!" Ta rufe, kafin a juya ya sake buɗewa. Yaran layinmu suna kiranta Zomo. In kuwa ta yi barci, duk gidan sai ya sani. Ranar da aka ɗauke wuta ana zaune a waje ana shan iska, sai wani daga cikin mazan gidan ya ce, "Malam Sule, an tayar da janaretanka, a jona mana fanka mana." A yi ta dariya, Baba ma ya yi. Ba da mugunta suke yi ba. Kowa ya ɗauka minshari alamar barci mai daɗi ne. Baba yakan ce, "Ku bar ta, barcin masu lafiya ke nan." In wani ya ce ko akwai abu a wuyanta, Umma ta ce, "Wanzami ya cire mata beli tun kafin suna, me kuma ya rage a wuyan?" Da wannan magana ake rufe zancen.

Ni dai ban ga alamar daɗi a barcin ba, don ni nake shan shuri. Tana juyi kamar kifi a tudu, ta jiƙe da gumi ko da sanyi ake yi, wani lokaci in farka in gan ta ta ɗage kai baya kamar mai leƙen rufin ɗaki. Tana fitsarin kwance har ta yi girma, ni ce mai fitar da katifa rana, ina ɓoye ta bayan igiyar shanya don kada Talatu 'yar maƙwabciyarmu ta gani. Da safe tashinta aiki ne. Ta tashi da ciwon kai, baki a bushe, ta nufi randa kafin ta gaishe da kowa. A makaranta kuwa da rana ta ɗaga sai kanta ya faɗi a kan benci. Malaminsu ya yi bulala, ya sa ta tsallen kwaɗo, ya tsayar da ita a rana, daga baya ya gaji ya mayar da ita bencin ƙarshe. Wata rana na ji shi ta taga yana cewa, "Safiya Sule daƙiƙiya ce, barci aka kawo ta yi." Sunan ya bi ta har gida. Abin da ya hana ni yarda shi ne, a carafke ba mai cinye ta, kuma ƙyallayen da Baba ke kawowa daga masaƙa, ita kaɗai ke iya ɗinka wa 'yar tsana riga mai hannu da su. Daƙiƙi ba ya haka.

Don haka na sa mata ido. In mun dawo daga makaranta ta kife a baranda, sai in zauna kusa da ita in yi kamar ina tsintar shinkafa. A hankali na gane barcin nata yana da tsari. Minsharin zai fara ƙasa-ƙasa, ya yi ta hawa, sai kuma ɗif, shiru. A cikin shirun nan ƙirjinta yana ta aiki, ramin da ke ƙasan wuyanta yana lotsawa ciki, amma ba abin da ke wucewa. Can sai ta yi wata irin zabura, ta ja iska da ƙarfi kamar wadda aka tsamo daga rijiya, ta juya, a sake daga farko. Na lura in tana rigingine abin ya fi tsanani, in na tura ta ta koma gefe sai ya lafa kaɗan. Sai wata dabara ta zo mini. Na tsinci gashin kaza mai laushi a bayan akurkin Maman Talatu, na riƙe shi a bakin hancinta. Da ƙyar ya motsa. Na matsar da shi wajen bakinta, sai ga shi yana rawa. Na maimaita, na sake maimaitawa a wata ranar, abu ɗaya. Murna ta kama ni kamar na tsinci wani abu. Na ruga wajen Umma tana tuƙa tuwo, na ce, "Umma, Safiya fa ba ta numfashi da hanci!" Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "To da kunne take yi? Ɗauki bokiti ki cika mini randa."

Ana haka aka rufe masaƙa. Jiniya ta yi shiru, Baba ya koma 'yar gonar masarar da yake nomawa a bakin kogi, can bayan layin dogo. Iya, mahaifiyarsa, ta zo daga Zariya don ta ɗan zauna da mu ta kwantar masa da hankali. Iya tsohuwa ce mai tsabta da son jikoki, ta zo mana da daddawa da alkaki, kullum da carbi a hannu. Kwana kaɗan da zuwanta ta kama haɓar Safiya, ta juya fuskarta hagu da dama kamar mai taya akuya, ta ce, "Wannan haƙoran iska ce ta turo su. Yaron da ke kwana baki buɗe haka yake zama. Mace ce fa, kun zuba ido har sai sun kai ƙirji?" Ta ce a garinsu abin da ake yi, a ɗaure wa yaro haɓa da ɗankwali in zai yi barci, har bakin ya koyi rufuwa. Umma ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Iya, haɓar mai rai?" Don mu abin da muka sani, mamaci ake ɗaure wa haɓa. Iya ta ce, "Kai, rufa mana baki da mugun fata. Gyara zan yi." Umma ba ta ƙara ba. Ba a ja da uwar miji a gidanmu. Iya ta ce za a fara da barcin rana don ta saba.

Ranar Asabar ɗin da na faɗa muku, tun da sassafe muka bi Baba gona. An kwana ana ruwa, hanya duk taɓo, muka yi ta cire ciyawa a tsakanin kunyoyi, muka tsinko rama da kuɓewa, Safiya tana ta kama fara tana zubawa a gwangwani. Muka dawo da azahar a gajiye. Ko gama cin ɗumame ba ta yi ba ta kwanta a baranda. Iya ta kwance koren ɗankwalinta, ta shafa wa Safiya man shanu a haɓa don kada ya ci mata fata, ta zagayo da shi ta ƙarƙashin haɓar ta ƙulle a tsakiyar kai, tana yi tana mata 'yar waƙar rarrashi. Wallahi da ƙauna ta yi. Ta ja da baya ta duba, ta ce, "Kun ga kyakkyawa." Ni ma a ranar na fara ganin fuskar ƙanwata tana barci da baki a rufe, kuma gaskiya ta yi kyau. Iya ta shiga ɗaki salla, Umma tana wanka, ni kuwa na ɗauko gashin kazata daga cikin littafin lissafi inda nake ɓoye shi, don ina son in ga ta ina iskar za ta bi yanzu.

Na riƙe shi a hancinta. Da farko ya ɗan karkata, da wani siririn sauti kamar usur ɗin da ya toshe. Sai ya tsaya cak. Na jira zaburar da na saba gani, ba ta zo ba. Ƙirjin yana ja, ramin wuyan yana lotsawa fiye da kullum, gumi ya keto mata a goshi, leɓenta na ƙasa ya fara canza launi. Na jefar da gashin na kai hannu kan ƙullin, amma ƙullin Iya ba na yara ba ne, ga maiƙo, yatsuna suna ta zamewa. Ban san lokacin da na ƙwalla ihu ba. Safiya ta zabura zaune, ido a waje, tana yagar fuskarta da farce, kuka yana son fita ba hanya. Maman Talatu tana bakin ƙofarta tana yanka albasar ƙosai, ta tsallake kwata da wuƙar a hannu, ta sa ta ta gefen kunne ta yanke ɗankwalin. Har gobe ina jin ƙarar iskar da Safiya ta ja. Ta yi tari, ta amayar da ɗumamen, sannan kuka ya fito. Maman Talatu ta rungume ta tana cewa, "Yesu! Wa ya ɗaure yarinya kamar buhun masara?" Iya ta fito da hijabin salla, ta ga ɗankwalinta gida biyu a ƙasa, sai ta zauna daɓas a dandamali tana ta salati. Umma ta fito da zani a ƙirji da kumfa a wuya. Ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban Iya ba sai ranar. Ta ce, "Ko haƙoranta za su taɓo ƙasa, ba mai sake ɗaure mini 'ya."

Abin da har yanzu nake juyawa a raina shi ne abin da ya biyo baya. Gida ya cika da mutane, kowa da tasa. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa dannau ne ya danne ta, ɗankwalin kawai ya zo daidai da lokacin. Baba ya karɓo rubutu, aka yi mata tofi, aka yi sadakar waina, kuma alhamdu lillahi ba a sake ɗaure ta ba. Amma ba wanda ya ce, to me ya sa da aka rufe bakin hancin bai karɓi aikin ba? Na so in ce na sani, na gwada da gashin kaza, sai na tuna da bokiti na yi shiru. Asibiti kuwa bai zo a ran kowa ba. A wurinmu asibiti na zazzaɓi ne da haihuwa da karaya. Wa zai je ya tsaya gaban likita ya ce 'yata tana minshari? Safiya ta ci gaba da zama a bencin ƙarshe, ta maimaita aji, daga baya ta ce ba za ta koma ba, ba wanda ya matsa mata. Aka kai ta koyon ɗinki. Ni ma ban yi nisa ba, na tsaya a ƙaramar sakandare na koma taya Umma sana'a, har aka yi mini aure.

To kun ji inda tsorona ya fito. Da aka haifi Hanifa, barcinta shiru, na yi hamdala. Sai da ta shiga firamare na fara ganin bakin yana sakewa in ta yi barci. Sannu a hankali minshari ya zo, gumi ya zo, juyi ya zo, sai kuma wannan shirun da na sani. Na gaya wa babanta, mutum ne mai haƙuri, gyaran wutar lantarki yake yi, in ya dawo ya kwanta ko ganga ake kaɗawa ba ya ji. Ya ce, "Maman Hanifa, ke dai kin fiye tsoro. Gado ta yi, ba ga Safiya nan da ranta ba?" Da manyan haƙoranta suka fito suka turo gaba, yara suka fara tsokanarta, nan ne kowa ya tashi tsaye. Yayar babanta, Anti Bilki, ma'aikaciya ce a Barnawa, tana son Hanifa kamar ita ta haife ta. Ita ta ce za ta kai ta wajen likitar haƙori a sa mata wayar haƙori ta gyara su. Ranar da za a je na ce ko in bi su, sai na ji nauyi, na ce Turanci za a yi, me zan ce? Na zauna a gida. Bayan 'yan zuwa aka sa wayar, Hanifa ta dawo tana ta kallon madubi. Na yi murna, amma a raina na ce, yau ma haƙoran ake kallo.

Wata Lahadi Anti Bilki ta zo da leda a hannu. Ta nuna mana bidiyo a wayarta, wasu mutane suna manna wa kansu filasta a baki in za su kwanta, wai don su koyi numfashi da hanci. Ta ce, "Kin ga, in tana kwana baki buɗe aikin wayar nan zai lalace. Ga shi na sayo, mai laushi ne, ba ya ciwo." Ta ajiye shi a kan tabarma. Fari ne, amma ni koren ɗankwali na gani. Ban taɓa yi wa Anti Bilki musu ba tun da aka kawo ni gidan nan. Na ce, "Anti, ki yi haƙuri, ba a bakin Hanifa ba." Baban Hanifa ya harare ni. Anti ta ce, "Ikon Allah. Dije, yau ke ce da magana?" Na ce, "Ni dai a tambayi wadda ta sa wayar. In ta ce a manna, ni zan manna da hannuna." Sai ta yi dariya ta ce, "To shirya, ranar komawa da ke za mu."

Kafin ranar, Hanifa ta dawo daga makaranta ta kife a kan kujera, na ɗauki wayata na yi mata bidiyo. Ba kaza a gidanmu yanzu, sai na yagi auduga na riƙe a hancinta, sannan a bakinta. Abin da na gani a Makera shi na sake gani.

Muka hau keke zuwa Barnawa. Ashe likitar tana jin Hausa sarai. Na miƙa mata wayata da bidiyon. Ta kalla har ƙarshe, ta mayar baya wajen shirun ta sake kallo. Ta ce, "Ranar farko na tambaya ko tana minshari, aka ce mini lafiya lau take barci." Anti Bilki ta ce, "Wallahi likita, ban taɓa kwana ɗaki ɗaya da ita ba, abin da nake zato na faɗa." Likitar ta juyo gare ni ta ce, "Wa ke kwana da ita?" Na ce ni. Ta ce, "To ke nake nema tun farko. Zauna." Ta yi ta tambayata, tana gumi, tana fitsarin kwance, tana gyangyaɗi a aji, da wuya take tashi? Kowace tambaya sai in ji kamar Safiya ake tambaya. Ni kuma da na samu mai amsawa, na zazzage tambayoyin da na tara tun ina aji biyar. Ta yi mini bayani da sauƙi. Ta ce in hancin yaro a toshe yake, dole ya koma baki, kuma in ya daɗe a haka, harshe ya kwanta ƙasa, ganɗar sama tana iya tsukewa, haƙora su turo gaba. Ta ce ba kowane mai irin haƙoran ne haka ba, kuma ita ba za ta iya yanke hukunci daga bidiyo ba, amma waya haƙori take gyarawa, ba ta buɗe hanci. Da Anti ta fito da filastar, likitar ta ce, "Kada ku kuskura. Ƙofar da ta rage mata ke nan." Anti ta mayar da shi jaka, ta ce, "Gara da kika yi taurin kai, Dije." Ita ce ma ta kai mu wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro da aka tura mu.

Shi ya duba, aka ɗauki hoto, ya ce akwai wata tsoka a can bayan hanci da ta yi girma ta tare hanya, da wasu biyu a gefen maƙogwaro. Na tambaye shi ko beli ne, ya ce a'a, beli daban, cire shi ba ya taɓa waɗannan, kuma bai kamata a riƙa cire shi ba ma. Aka fara gwada maganin fesawa a hanci, ya ɗan taimaka bai isa ba, daga baya aka yi mata aiki. Ba zan ce muku ban yi kuka a ƙofar ɗakin tiyata ba. Bayan ta warke, wata rana da la'asar ta yi barci a falo, ina ninke kaya, sai na ji gidan ya yi tsit. Gabana ya yanke ya faɗi, don ni shiru a barcin yaro ban san shi da alheri ba. Na yagi auduga na lallaɓa na riƙe a hancinta. Ta karkata, ta dawo, ta karkata, ta dawo, a natse. Bakin a rufe, ba wanda ya ɗaure shi.

Har yanzu wayar tana bakinta, muna komawa ana ƙara matse ta, malamarsu kuma ta ce gyangyaɗin ya ragu sosai. Kwanan baya na kai ta shagon Safiya a Sabon Tasha a auna ta kayan Salla. Safiya ta ƙware, mata har daga Barnawa suke kawo mata ɗinki, amma har yau in za ta yi dariya sai ta kare baki da hannu. Na ba ta labarin duka, har da gashin kaza, wanda ba ta taɓa sani ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ashe ni ce rediyonki na biyu." Sai kuma ta tsayar da keken ɗinkin, ta daɗe tana kallon Hanifa, ta ce, "Yaya, to ni ba daƙiƙiya ba ce ke nan?" Na ce, "Barci ne ba ki taɓa samu ba." Ba ni da tabbacin abin da likita zai gani da an kai ta a lokacin, amma na san abin da idona ya gani. Ta ce ita ma za ta je a duba ta, don har yanzu da gajiya take tashi.

Gidanmu na Makera an rushe shi an yi shaguna, gwaibar ta tafi, Iya ta rasu, Allah Ya jiƙanta. A wancan lokaci mutane cike da tsakar gida suna jin minsharin Safiya, suna sonta, suna mata dariya, ba asibitin da muka san za a je. Yanzu ga likitoci a tsallaken titi, ga waya mai ɗaukar bidiyo a hannun kowa, amma saura kaɗan a sake ɗaure bakin. Na kan so a ce zan iya komawa barandar nan in gaya wa Umma ta ajiye muciya ta zo ta gani.

Roƙona ɗaya ne. In ɗanku yana minshari ko yana kwana baki buɗe, ku zauna kusa da shi yana barci ku saurara. In kun ji yana yin shiru sannan ya zabura, ku gaya wa likita, ko da haƙori kawai kuka je gyarawa. Wanda ke kwana da yaron shi zai je, ko bai iya Turanci ba. Kuma don Allah kada ku rufe masa baki da komai.